Motar da Inna Ta Shanya

Ko da tsufa zai zo ya kwashe mini komai, ba na jin zai iya kwashe ranar da na taka turmi na sauko da wata ƴar mota daga kan rufin kwanon gidanmu a Madarumfa. Motar ba ta fi tafin hannuna biyu ba, ta roba ce, abin da kowa zai gani ya ce wasan yara. Amma har yau in na ji warin fenti sai in nemi inda zan zauna.

Mahaifinmu shofer ne tun kafin a haife ni. Yana da tsohuwar motar nan da ake kira kat-san-kat, shuɗiya, mai buɗaɗɗen baya da rumfar tamfol. Da ita yake jigilar mutane da buhuna tsakanin garinmu da Maraɗi, ranar kasuwa kuma ya leƙa ƙauyuka. Yayanmu, ɗan farinsa, shi ne aparantinsa, wato yaron motarsa. Shi ke ɗaura kaya, shi ke maƙalewa a baya yana buga jikin mota in wani zai sauka. Ban taɓa jin Baba ya kira sunansa ba. A wajenmu haka ake yi, ɗan fari ba a faɗin sunansa, ba a nuna ana sonsa. “Kai” ne, ko “wancan”, ko “ina yaron ga ya shiga?” Inna ma ta fi Baba, in da mutane a wurin ko kallonsa ba ta yi.

Ina ƴar yarinya, wata damina suna dawowa daga kasuwa, tayar gaba ta fashe, motar ta ƙwace ta yi ta juyawa har cikin gona. Waɗanda ke baya ta watsar da su cikin laka, wannan da karaya, wancan da ƙujewa, amma duk suka tashi. Baba ya fito da ɗan yanka a goshi. Yayanmu kaɗai ya rasu, rufin gidan gaba ya danne shi. Ban taɓa tambayar abin da ya kai mai maƙalewa a baya gidan gaba ba, lokacin hankalina bai kai nan ba. Abin da na tuna shi ne Baba zaune kan tabarma a ƙofar gida yana amsa gaisuwa, idonsa a bushe, mutane suna ta yabon dauriyarsa. An jawo motar an ajiye ta bakin tasha. Inna ta wuce ta gabanta sau ɗaya, daga nan ta canza hanya. Baba ya sayar wa maƙera da ita, ya koma noman lambu a bakin tafki, bai sake riƙe sitiyari ba. Sunan da ba a faɗa mai shi yana raye kuwa, da ya mutu sai aka rufe shi gaba ɗaya.

Shekaru masu yawa bayan haka, lokacin ina koyarwa a lakwal, makarantar bokon garinmu, ina da aure da ɗa guda, Baba ya faɗi a lambu. Hawan jini ne. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana ta tafi. Muka yi jinya a Maraɗi aka sallamo mu. Likita ya ce a riƙa sa shi yana motsa yatsunsa, sannan ya ja ni gefe ya ce ciwon ba shi ke ba shi tsoro ba, abin da ke ba shi tsoro shi ne tsohon ya daina son tashi. Gaskiya ya faɗa. Muna dawowa gida Baba ya juya fuskarsa bango. Inna ta dama kunu, ta dama fura, ta yi romon kifi, shi kuwa sai ya datse baki. Ni Allah ya yi ni da baƙin naci, ƴan ajina shaida ne, amma a kan Baba nacina bai yi aiki ba. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Muna ji muna gani mutum yana ƙarewa, kullum rigarsa tana ƙara yi masa yawa.

Ana haka sai ga saƙo daga autanmu da ke karatu a Faransa. Shi bayan hatsarin aka haife shi, iyakar abin da ya sani game da motar shi ne wani tsohon hoto da Baba ke tsaye a jikinta yana murmushi. Kwali ya aiko ta hannun wani mai tahowa gida. A murfin kwalin ga hoton kat-san-kat sak, har rumfar. Na buɗe ina tsammanin mota zan gani, sai na tarar da gutsattsarin roba maƙale a jikin sanduna kamar ƙashin kifi, da kwalbar gam, da ɗan buroshi, da fenti fari da baƙi, da takarda mai zane-zane tana nuna abin da ke shiga cikin wani.

Autan ya kira ni a waya ya ce, “Yaya, ki haɗa ta gabanshi, ki sa shi riƙa kama maki. Nan haka tsohhi ke yi.”

Na ce, “Kai dai zaman ƙasar Turawa ya taɓa maka kai. Mutum na hwama da rai, ka aiko mashi abin wasa?”

Inna tana tsaye lokacin. Ta dubi murfin nan ta daɗe, ta gyara mayafinta ta shige madafa. Na ɗauka ita ma abin ya yi mata kama da raini ne. Na jefar da murfin gefen tabarmar Baba na je na sha ruwa. Da na dawo sai na tarar ya juyo daga bango, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ɗora hannun hagunsa a kan hoton, babban yatsansa yana shafa gaban motar a hankali.

Ba wai ban tuna da hatsarin ba. Na tuna. Amma a raina mutumin da bai zubar da hawaye ba ranar da abin ya faru, ai ya riga ya wuce wurin tuntuni. Haka kowa a garin ya ɗauka, ni ma haka na ɗauka.

Daga ranar, kullum na taso daga lakwal sai in biya gidanmu, mu shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin rumfa. Ni ke yanko gutsattsarin da reza in kankare bakinsu, in ɗiga gam da tsinken tsintsiya, shi kuma ya danne da hannun hagu har ya kama. Aiki ne mai cin ido da haƙuri. Wani abin bai fi ƙwayar gero ba, in ya faɗi cikin tabarma sai mun ɗaga ta mun kakkaɓe. Sau nawa yatsuna suka manne da juna ina ta tsaki, shi yana kallona da rabin bakinsa yana rawa. Da na lura hankalinsa ya tafi kan motar, sai halina na malamai ya motsa. Na ajiye kofin kunu tsakaninmu na ce, “Baba, ku sha in liƙa taya. In ba ku sha ba, yau motar ga bisa duwatsu za ta kwana.” Ya harare ni harara mai kyau, irin wadda yake yi mana muna yara. Sannan ya buɗe baki.

Haka muka yi ta tafiya. Inji da kofi guda, kujeru da rabin kwanon fura, gilashin gaba da romon kifi. Naman fuskarsa ya fara dawowa. Ƙofofin kuwa na liƙe su a rufe kamar yadda takardar ta nuna. Sau ɗaya kawai aka samu tangarɗa. Wani tsohon amininsa, masunci, ya shigo duba shi ya tarar da mu kan aiki, ya kwashe da dariya ya ce, “Alhaji, ashe sabuwar mota anka yi ba a hwaɗa muna ba? To a aje mani gidan gaba in za a Maraɗi.” Ni ma na yi dariya. Baba kuwa fuskarsa ta rufe nan take, ya janye hannunsa, ranar bai ƙara kurɓar komai ba. Na ce a raina gajiya ce.

Da aka zo fenti, na buɗe farin na tsoma buroshi, sai ya bige mini hannu. Na sake, ya sake bigewa. Ya yi ta nuna wani shuɗin kwanon Inna da ke kife a bakin randa har na gane. Washegari na shiga Maraɗi na sayo ƙaramin gwangwanin shuɗin fenti, irin wanda ake shafa wa ƙofofi, don shi na samu. Ya yi duhu da yawa, na riƙa ɗiga farin ina gaurayawa ina nuna masa, yana girgiza kai, har aka zo inda ya lumshe ido. Sannan na yi abin da na daɗe ina so in gwada. Na ɗauki hannunsa na dama, wanda ya shanye, na sa buroshin tsakanin yatsunsa na naɗe su a kai, na saki. Buroshin bai faɗi ba. Ya ja shi a kan gaban motar, layi guda karkatacce mai kauri, hannun yana karkarwa har gwiwa, amma da kansa ya ja. Na ɗaga kai na ga Inna a bakin madafa da muciya a hannu tana motsa leɓe. Da yamman nan na kira autanmu na ba shi haƙuri kan zagin da na yi masa. Wallahi na ɗauka mun yi nasara.

Fentin ƙofa ba na irin wannan aikin ba ne, kuma mun lafta shi da kauri. Kwana ya yi bai bushe ba, in ka taɓa sai ya kama yatsa. Baba kuwa ya ƙagu ya riƙe motarsa, sai nuna ta yake yana gurnani. Da safe na biya na ɗora ta kan faifai a cikin ɗaki, na ce a bar ta ta sha iska, na wuce lakwal.

Bazara ce, irin wadda tun hantsi ƙasa ke ƙona ƙafa. Lokacin ne Inna ke shanyarta a kan kwanon rumfa, tumatur da kuɓewa da barkono, kafin la'asar sun bushe ƙamas. Ita duk rayuwarta abin da ta sani ke nan, abu in yana da danshi rana ake ba shi. Tun da kwalin nan ya shigo gidan ba ta taɓa ko taɓa shi ba. Amma ta ga mijinta yana ci, ta ga hannunsa ya motsa, ta kuma ga yadda yake ta waiwayen ɗakin. Sai ta ga lokaci ya yi da ita ma za ta sa hannu. Ta ɗauko motar ta ɗora ta a kan kwanon, gefen tumatur, ta koma aikinta.

Na dawo da azahar na tarar da Baba a rumfa yana ta ɗaga ido sama. Inna ta tare ni fuskarta a sake, rabon da in gan ta haka har na manta. Ta ce, “Na shanya maku motar taku. Yanzu ta bushe sarai, hau ki ɗauko mashi.”

Na jawo turmi na kife na taka. Kwanon ya ƙona mini hannu kafin ma in kai ga motar. Fentin ya bushe kam. Amma robar ta yi laushi ta saki. Rufin gidan gaba ya lotsa, ya rufta ta gefen dama har ya taɓa kujera. Gilashin ya ɓalle ya faɗa ciki, tayar gaba ɗaya ta karkace waje, rumfar baya ta kwanta gefe guda. Gefen shofer kaɗai ne ya tsaya daidai, kamar ba abin da ya same shi.

Na so in cusa ta cikin hijabina, amma Inna tana ƙasa ta miƙo hannu biyu za ta karɓa, ita ta fara gani. Hannuwan suka tsaya a sama. Ta ja da baya har ta tuntsurar da buta. “Innalillahi wa inna ilaihi raji'un,” ta ce, muryarta ba ta fita sosai. “Haka take. Wallahi haka take ranar, bakin tasha.”

Baba ya ji, ya kuma gani. Ya miƙo hannu, na dama, bai ko nemi na hagun ba. Na rasa yadda zan yi, na sauko na ba shi. Ya ɗora ta a cinyarsa ya juya ta, ya sa farce a bakin ƙaramar ƙofar nan ta dama yana ƙoƙarin ɓamɓare ta. Gam ya riƙe. Ya yi ta ja, numfashinsa yana hawa. Sai na ji wani sauti ya fito daga maƙogwaronsa, ya sake fitowa, a karo na gaba ya zama kalma. Sunan yayanmu ne. Tun da nake ban taɓa jin sunan nan a bakinsa ba, sai ranar, daga karkataccen bakin da ya daɗe bai furta ko salati a fili ba. Ya kira shi da ƙarfi, yadda ake kiran wanda ake so ya amsa.

“Ku buɗe,” ya ce. “Ku buɗe mashi.”

Na ɗauko rezar, na bi gefen ƙofar na yanke ta. Ya ɗaga motar kusa da idonsa ya leƙa ciki. Ba kowa, sai ƴar baƙar kujera da rufi a kanta. Ya daɗe yana kallo. Sannan maganar ta fara zuwa, a gutsure, kowace kalma sai ya yi kokawa da ita.

“Ruwa ake. Shina baya. Ya jiƙe, sai rawar sanyi shikai. Na gane shi a madubi.” Ya haɗiyi yawu. “Ni na tsaya. Ni na ce shi dawo gaba. Da na bar shi baya, da shina nan.”

A nan na fahimci abin da ban tambaya ba ina yarinya. Duk shekarun da suka yi suna aiki tare, Baba bai taɓa ba ɗansa gidan gaba ba, kada a ce yana nuna ɗan fari. Rana ɗaya tak tausayi ya fi ƙarfin kunya, ya tsayar da mota gaban kowa ya kira shi kusa da shi. Ranar ce tayar ta fashe. Da wannan ya yi ta kwana yana tashi, yana ba albasa ruwa, yana amsa gaisuwar mutane, ba wanda ya gaya wa.

Inna ta zo ta zauna a ƙasa gabansa, gwiwarta tana taɓa tasa. Ban taɓa ganin ta zauna kusa da shi haka da rana tsaka ba. Ta ce, “Malam, na sani.”

Ya ɗago ya dube ta.

“Tun ranar na sani. Wata mata da ke cikin motar ta zo gaisuwa ta hwaɗa mani. Ta ce har rigarka ta sama ka cire ka yahwa mashi. Ruwa ake, Malam, ɗanka ne. In ba ka kira shi ba wa za ya kira shi?” Hawaye suna bin fuskarta ba ta share ba. “Ni shekarun ga duka da wannan nike rarrashin raina. In na tuna sai in ce, bai tahi ba sai da ubanshi ya kira shi kusa. Ban san kai shi ke cinka ba. Kunya ta hana ni in ɗauko maka zancen.”

Sannan ita ma ta faɗi sunan, a hankali, kamar tana tsoron kada ya fashe a bakinta. Suka yi kukan da ya kamata su yi tun ina ƴar yarinya. Ni ina tsaye gefen turmi da ƴar ƙofar roba a tafin hannuna, ban san inda zan ajiye ta ba.

Na so a ce daga nan Baba ya miƙe. Bai miƙe ba. Maganar ta zauna masa na ɗan lokaci, kuma duk a kan yayanmu ya ƙarar da ita: yadda yake ɗaure kaya ba ya kwancewa, yadda yake satar tuƙi in ya ga Baba ya shiga masallaci, shi kuma ya yi kamar bai gani ba. Inna tana zaune tana ji, wani lokaci ta ƙara masa abin da ya manta. Amma cin abinci ya sake ja baya. Na kawo kunu na rasa abin da zan yi masa ciniki da shi, mota ta riga ta ƙare. Wannan karon bai juya mana baya ba, kallonmu yake yi ido cikin ido, ya girgiza kai a hankali. Ciwon ya sake bugunsa wani hantsi, kafin ruwan farko ya sauka. Ba mu kai ko bakin kwalta da shi ba ya cika.

A zaman gaisuwa na ji dattawa ta bayan katanga suna cewa an yi rashin mutum mai dauriya, wanda ko mutuwar ɗansa ba ta girgiza shi ba. Sai da na toshe bakina da mayafi don kada in yi musu ihu.

Inna ta daɗe tana cewa ita ta kashe shi da shanyarta. Na gaya mata ba haka ba ne, na rantse mata, likita ma ya gaya mata, amma ban san ko ta yarda ba. Abin da na sani shi ne ba ta sake ɗora komai a kan kwanon nan ba, a tabarma take shanyarta yanzu tana korar kaji. Autanmu ya ce zai aiko da wani kwalin in haɗa sabuwa don a ajiye. Ta ce kada ya soma. Waccan ɗin tana ɗakinta tsakanin jeren kwanukanta, a lotse yadda take, da karkataccen layin da Baba ya ja a gabanta, ƙofar a ajiye a gefe.

Ana cikin zaman makokin ne ɗana ya shigo tsakar gida da gudu, mata cike da wurin. Har lokacin ni ma “kai” nake ce masa, kamar yadda na taso na gani. Ban san sa'ad da na ƙwala masa kira da sunansa ba, na jawo shi na ɗora a cinyata. Gwaggonmu ta riƙe baki ta ce, “Ke, ɗan hwarin naki? Ina kunyarki ta tahi?”

Na ce, “Gwaggo, na ga abin da ta ci a gidan ga.”

Inna tana gefe, sai ta miƙo hannu ta shafa kan yaron.

Abin da ranar shanyar nan ta koya mini ke nan. Na daina yaba wa mutum don idonsa ya bushe, na daina ɗauka wanda bai yi magana ba ya warke. Mutum biyu suka kwana ɗaki guda shekara da shekaru, maganar da za ta sauke wa ɗaya kaya tana bakin ɗayan, ba ta fito ba sai da saura kwanaki kaɗan. Ɗana yanzu ya fi ni tsawo, kuma har gobe in zai fita sai na kira sunansa da ƙarfi yadda maƙwabta za su ji, ba na barin sa ya wuce ƙofar gida sai ya amsa.